Tarihin Aiki Daga Nesa a Ƙasar Gusau

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar da ta haɗa Tsafe da Gusau da Bunguɗu zai ga cewa, tun zamanin da Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Gusau, al'amuran jama'arta a rataye suke da wani wuri mai nisa. Domin umurnin Sarkin Musulmi a takarda yake zuwa daga Sakkwato, manzo ya yi kwanaki da ita a hanya, kuma ba a zartar da abin da ta ƙunsa sai malaman fada sun gamsu da hatimin da ke kanta.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929, sai wayar tangaraho ta biyo gefen dogo, har ya zama akawun tasha yana iya sanar da Zariya yawan taragun da auduga da gyaɗa ke bukata kafin la'asar ta yi. Amma tangaraho saƙo kurum yake isarwa, lalle sai an sami mutum a can wanda zai karanta ya aikata. Abin da ya kawar da wannan wasiɗa a Amurka ya faro, a 1940, sa'ad da wani masanin hisabi, George Stibitz, ya aika tambayoyin lissafi ta waya daga garin Hanover zuwa wata na'ura da ke Niyok, ita da kanta ta mayar masa da jawabi.

Wannan hikima ba ta game ƙasarmu ba sai bayan an ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, wayar salula kuma ta shigo Nijeriya a 2001. Yau mai POS da ke zaune a bakin kasuwar Tsafe, na'urar da ke hannunsa ba ta riƙe da ko sisi; iyakarta ta nemi izni, da kati da lambar sirri, a wajen kwamfutar banki, wadda galibi a Legas take, a can a rage a kuma ƙara a cikin littafin da mai kuɗin bai taɓa gani ba. Abin da ya fi wannan ban ta'ajibi shi ne, idan kwamfutar wani ofis ta ƙi aiki, injiniya yakan shige ta daga Abuja ya gyara, ma'aikaci kuwa yana naɗe da hannu yana kallon kibiya na yawo ita kaɗai a fuskar kwamfutar. Kuma da wuya ka ji ya tambayi wane ne ya shiga, balle me ya leƙa.

A ganina jama'a ba su san nauyin wannan dogaro ba sai a farkon Satumba 2021, da hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba da umurnin rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda fitinar 'yan bindiga. Masu POS suka nannaɗe lemarsu, fatake suka koma ɗaukar tsabar kuɗi a hanyoyin da ba su da aminci, ɗalibi mai neman sakamakon jarrabawa ya rasa ta inda zai duba. Ran 1 ga Oktoba aka maido da layi a Gusau kaɗai, saboda haka har tsawon wasu makonni, mutumin Bunguɗu ko na Tsafe da ke son tura kuɗi sai ya biya kuɗin mota ya shigo birni tukuna.