Abin da rana ke yi wa buta: daga rufin Bologna zuwa Batsari



Duk wanda ya taɓa barin buta ko jarka a tsakar gida a Batsari ko Safana ya san ƙarshenta. Bazara ɗaya, biyu, launi ya koɗe, ka ɗaga ta hannun ya zo maka shi kaɗai. Mu dai cewa muke rana ta cinye ta. To yaya rana ke cin roba? Amsar ta ɗauki masana shekaru da dama.

Labarin ya faro a birnin Bologna na Italiya, farkon shekarun 1900. Giacomo Ciamician da abokin aikinsa Paul Silber ba su da fitilu masu ƙarfi, sai suka riƙa jera kwalaben sinadarai a saman ginin jami'a, su bar wa rana aikin, wani lokaci har watanni. Cikin abin da suka shanya akwai dangin sinadaran da ake kira kiton, waɗanda a jikinsu akwai kabon ɗaya riƙe da oksijin. Wasu surarsu kamar zobe take. Kafur na asali yana cikinsu, haka sinadarin da ke ba miski da jibda ƙamshi. Da suka buɗe kwalaben, sai suka tarar zoben wasu ya tsinke. Babu wuta, babu tafasa, haske kawai.

A 1912 Ciamician ya yi jawabi a New York, ya ce ko gawayin ƙasa ya ƙare rana tana nan, kuma ƙasashe masu zafi su za su fi cin moriya. Ni wannan wurin yana taɓa ni, don da irin ƙasarmu yake, ga shi har yau shanyar barkono da tumatir muka fi yi da ita.

Wanda ya warware yadda abin ke faruwa shi ne Ronald Norrish na Kambrij a Ingila, cikin shekarun 1930. Ya nuna cewa kiton na shan hasken da ido ba ya gani, sai haɗin da ke maƙwabtaka da kabon ɗin nan ya katse. Ya samu kyautar Nobel a 1967.

Ku ɗauka yara ne suka yi da'ira riƙe da hannun juna. Biyu sun saki hannu, amma layin bai watse ba. Suna iya sake kamawa. Wani lokaci kuma oksijin da ke tsaye a gefe shi ke faɗawa tsakani, zobe mai huɗu ya koma mai biyar. Wannan faɗaɗar zobe Peter Yates ya bincika a Toronto cikin shekarun 1960.

Ita buta ba zobe ba ce, dogayen sarƙoƙi ne. Iska da zafi su fara haifar da kiton a jikin sarƙar, haske ya zo ya tsinka ta nan. Sarƙa kuwa in ta katse, kowane ɓari ya kama gabansa, shi ya sa robar ke gautsi.

Matsalar ita ce ba ɓacewa take ba. Ledar da ta ruɓuɓɓushe a gonakin Runka ko bakin dajin Rugu ƙananan gutsattsari take komawa, garma ta juya su cikin ƙasa inda rana ba ta kaiwa, su zauna can shekara da shekaru. Wadda ba ta kai ga tsinkewa ba, akuya ta haɗiye.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.