Matar Macbeth da Hukuncin da Aka Yi Mata

Duk inda ake lissafa miyagun mata a wasan kwaikwayon Turai, sunan matar Macbeth ne ke fara zuwa baki. William Shakespeare ya rubuta wasan Macbeth wajen 1606, aka buga shi a 1623, kuma har yau masu karatu da yawa ita suke ɗora wa alhakin jinin Sarki Duncan kacokan. An yi gaggawar yanke wannan hukunci.

Tun a fitowa ta uku ta kashi na farko, da wasu mayu uku suka yi wa Macbeth albishir da sarauta, tunanin kisa ya ɗarsu a ransa, alhali matar tana gida, sai daga baya wasiƙarsa ta kai mata labari. Abin da ta kawo shi ne tsari da taurin zuciya. Ta yi masa gorin rashin mazantaka, ta bugar da dogaran sarki da giya mai magani, ta mayar da wuƙaƙen da ya fito da su cikin ruɗewa, ta shafa wa dogaran jini. Laifinta babba ne, amma wuta ta tarar tana ci, ta hura. Ita da bakinta ta ce kamannin mahaifinta da ta gani a fuskar Duncan yana barci ne ya hana ta soke shi.

Inda Shakespeare ya saɓa wa madogararsa ya fi komai bayyana manufarsa. Littafin tarihin Raphael Holinshed, bugun 1587, ya nuna mace mai ƙishirwar a kira ta sarauniya. A wasan kuwa, babu inda ta nemi gadon mulki don kanta. Duk maganarta a kan girman mijinta take. Kisan Duncan yana baƙo a gidan Macbeth ma aro ne daga wani labari dabam a littafin, inda Donwald ya sa aka kashe baƙonsa, Sarki Duff. Duncan na tarihi a fagen daga ya mutu a 1040, Macbeth ya mulki Sikotilan har 1057, matarsa Gruoch kuma jinin sarauta ce.

Abin tausayi yana farawa bayan naɗi. Macbeth ya ɓoye mata shirin kashe abokinsa Banquo, ya sa aka hallaka matar abokin gabarsa Macduff da 'ya'yansa ba da shawararta ba. Wadda ya kira abokiyar ɗaukakarsa ta koma saniyar ware a fadarta. A kashi na biyar tana yawo cikin barci, tana wanke hannu, tana ambaton matar Macduff, wato jinin da ba ta zubar ba ma yana cin ta.

Mutuwarta a bayan fage ta auku. Wanda ya siffanta ta da shaiɗaniya a ƙarshen wasan shi ne Malcolm, ɗan Duncan, mai ƙara a shari'ar, wanda bai ga daren wankin hannun ba.