Gummi, Gulbi da Hanyar Gwanja

Mu mutanen yammacin Zamfara ba mu da teku, amma ruwanmu yana zuwa can. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum, ya wuce Gummi, ya nufi Jega, ya faɗa gulbin Sakkwato, shi kuma ya miƙa shi ga Kwara, Kwara ta kai shi teku a kudancin Nijeriya. Wanda ya fita bayan garin Gummi da rani ya bi gaɓa da ƙafa, ruwa a gefe guda, fadamun shinkafa da albasa a ɗaya gefen, yana taka hanyar da ta taɓa zama ta manyan fatake ne, ko da bai sani ba.

Kwarin nan ya saba da masu tafiya. Bayan Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ta zauna a Anka. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi zango a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, daga nan aka tashi aka ci Birnin Kabi. Wannan duk an rubuta, ana kuma karantarwa. Abin da ba mu cika ji ba shi ne labarin waɗanda suka bi gulbin da jakuna.

Cikin manyan fataken goro na ƙarni na 19 akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Su Kambarin Barebari asalinsu Barno, amma Gummi ce cibiyarsu kafin da yawansu su koma Kano. Ke nan wani reshe na arzikin goron da Kano take taƙama da shi daga bakin gulbinmu ya tsiro, mu kuwa ko a hira ba mu faɗa.

Tafiyar Gwanja ba yawon shan iska ba ce. Goro ba ya yi a ƙasarmu, a dazuzzukan Asante yake, a ƙasar Gana ta yau, kasuwarsa kuwa Salaga. Ayari yakan tashi da kaka bayan ruwa ya janye, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Suna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa, irin dai albasar da muke nomawa a fadama. Daga kwarin Zamfara sai kasuwar Jega, sai a haye Kwara a biya kuɗin fito, sai ƙasar Bargu inda 'yan fashi suke jira kuma kowane sarki yana son nasa rabon. Komowa ta fi wuya, don goro ɗan lele ne: sai an naɗe shi da ɗanyen ganye, ana yayyafa ruwa, ana buɗewa ana tsince wanda ya ɓaci. Zuwa da dawowa yakan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, dabbobin dako ma kamar haka.

Abin da ya kashe hanyar daga teku ya fito. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watse garin. Fatake suka gano cewa a loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi sauƙi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, abin da jaki yake yi a wata uku sai jirgi ya yi shi a 'yan kwanaki. Dogon ya bi ta Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, ya tsaya can gabas, ya bar Gummi a gefe. Babu wanda ya ci garin da yaƙi. Hanya ce kawai ta sauya.

Masu bin gaɓar gulbi a yau manoma ne da masunta da masu kiwo, su ma a tsorace. Tun bayan kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022, mai tafiya yakan tambayi labarin hanya kafin ya ɗaura takalmi, kamar yadda jagaba yake yi a Bargu. Gonakin mutanen Gummi da yawa suna hayin gulbi, da damina kuwa sai da kwalekwale. A Satumbar 2024, makonni kaɗan bayan ambaliya ta rushe gidaje a garin, wani kwalekwale cike da manoma ya kife da safe a kan hanyarsu ta zuwa gona, gomman mutane suka rasu.