Istifan Batori: Basaraken Hangari da Ya Hau Gadon Foland

Bayan da Sarkin Santambul, Sulaimanu, ya karya rundunar Hangari a filin Mohac a shekara ta 1526, sa'an nan ya karɓe birnin Buda a 1541, sai ƙasar ta tsage uku: yamma ta koma hannun gidan sarautar Habsbug na Ostiriya, tsakiya ta zama lardin Turkawa, gabas kuwa, wato Taransilbaniya, ta sami 'yancin naɗa shugabanta bisa sharaɗin kai haraji Santambul kowace shekara. A wannan gabashin aka haifi Istifan Batori a 1533, cikin zuriyar manyan masu ƙasa.

Wanda ya tashi tsakanin dauloli biyu masu ƙarfi, tilas ne ya koyi haƙuri da iya lafazi kafin ya koyi riƙon takobi, Batori kuwa ya koye su da tsada, domin da aka aike shi jakadanci Biyana, tsare shi aka yi har wajen shekara biyu. A 1571 majalisar ƙasarsa ta zaɓe shi, Sarkin Santambul, Salim na Biyu, ya tabbatar masa da sarauta, alhali Habsbug suna goyon bayan wani basarake, Gasfar Bekesh, wanda ya ja da shi har Batori ya fatattake shi a 1575.

A wannan shekara gadon Foland ba kowa, gama Henri, wanda Folawa suka zaɓa, ya sulale ya koma Faransa don ya gaji ɗan'uwansa. Manyan fādawa suka karkata ga Maksimiliyan na Habsbug, amma jama'ar ƙananan sarakuna, saboda tsoron kada ya danne musu haƙƙi ko ya jawo musu fushin Turkawa, suka yi wa Batori mubaya'a, da sharaɗin ya auri Gimbiya Anna, jinin sarakunansu na dā. Aka naɗa shi a Karakow ranar 1 ga Mayu, 1576. Da harshen Latin yake magana da fādawansa, amma hakan bai hana shi ladabtar da birnin Danzig ba, bai kuma hana shi ɗaga makarantar Bilniyus zuwa matsayin jami'a a 1579 ba.

A wannan shekarar ya ɗaura ɗamarar yaƙi da Sarkin Rasha, Iban na Huɗu, ya ci Folotsk, ya kewaye Fiskob, har Rasha ta nemi sulhu a 1582 ta janye daga Liboniya. Cikin sarakunan yaƙinsa har da Bekesh ɗin nan, wanda ya yi wa afuwa ya jawo shi jiki, gama ya san jarumin da ka kayar ya fi amfani a gefenka bisa ga a sansanin maƙiyi.

Ajali ya cim masa a Gurodno a watan Disamba na 1586, bayan shekara 10 bisa gado, bai bar ɗa ba. Folawa suka koma zaɓe, suka ɗauko sarki daga gidan sarautar Suwidin.