Atisayen tseren keke a ayari: dabarun hanya da zumuncin ƴan tsere

Tseren keke a kan kwalta wasa ne da mutum ɗaya ke ɗaukar kofinsa, amma jama'a ne ke kai shi bakin layi. Shi ya sa mafi yawan horon ƴan tsere a cikin taro ake yin sa: mutum biyar, goma ko ashirin su fita tare, su yi tafiyar awa biyu zuwa huɗu, suna taimakon juna a wani wuri, suna gwada ƙarfi a wani. Da Faransanci ana kiran wannan taro peloto. Ga mutumin Damagaram, kalmar da ta fi dacewa ita ce ayari. Unguwar Zango ma ta samo sunanta ne daga ayarin fatake da ke sauka a wajen ganuwar Birni, daga Agadas, Kano ko Tarabulus. Kamar na raƙuma, ayarin kekuna yana da madugu, yana da doka, kuma wanda ya fita daga cikinsa shi ke shan wahalar hanya.

Iska ce babbar abokiyar karawa

A hanya mai shimfiɗa, abin da ke cin ƙarfin mai keke ba nauyinsa ba ne, iskar da yake ketawa ce. Idan gudu ya kai kilomita 40 a awa, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfin da yake zubawa a feda yana tafiya ne wajen ture iska. In aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata kuma sau takwas.

Wanda ya laɓe dab da bayan wani yana samun sauƙin kimanin kashi 30 cikin 100. A tsakiyar babban ayari sauƙin ya wuce haka nesa. Wani bincike da farfesa Bert Blocken na jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan ya jagoranta a 2018, kan ayari mai mutum 121, ya nuna cewa na tsakiya zuwa baya na fuskantar kashi 5 zuwa 10 ne kawai na iskar da mai tafiya shi kaɗai ke sha. Duk dabarun wasan daga nan suka taso: wa zai sha iska, na tsawon wane lokaci, kuma don wa.

Karɓa-karɓa

Darasi na farko shi ne karɓa-karɓa, wato rele a bakin masu Faransanci. Ana jeruwa ɗaya bayan ɗaya, tazarar da ke tsakanin taya da taya ba ta wuce kamu ɗaya ba ga ƙwararru, ko mita guda ga sabon shiga. Na gaba ya ja na daƙiƙa 30 zuwa minti biyu, ya kaɗa gwiwar hannu alamar ya gama, ya kauce gefe, ya bar layi ya wuce, sa'an nan ya maƙale a bayan na ƙarshe.

Kuskuren da sabbi suka fi yi shi ne ƙara gudu da zarar sun hau gaba, don a san da su. Hakan na tsinka layi, ya kuma hana wanda ya sauka yanzu samun wurin laɓewa. Mai ƙarfi daɗewa yake yi a gaba a kan gudun da ya tarar. Wanda ya gaji kuwa ya taɓa gaba na ɗan lokaci ya sauka, ko ya faɗa a fili cewa zai zauna baya.

In mutane sun kai takwas ko fiye, ana iya yin layi biyu masu juyawa kamar sarƙar keke: ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, babu mai daɗewa a gaba. Wannan ya fi sauri, amma yana son mutanen da suka san hannun juna.

Iskar Damagaram da hanyoyinta

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Da damina takan juya ta fito daga kudu maso yamma. Kowace hanyar da ta fita daga Zinder tana da nata darasi.

Mai nufar Takeita, kimanin kilomita 50 yamma a kan babbar hanya mai lamba 1, hunturu ne ke tura shi daga baya. Tafiyar na da daɗi, ƙafa ba ta jin komai, sai an juyo a gane cewa bashi aka ci. Ayari mai hankali yakan tanadi ƙarfinsa da ruwansa don dawowa.

Mai nufar Mirriya, kilomita 18 gabas, iskar na dukan sa ta hagu. Mai hawa hanyar Tanut, ta wajen matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ta dama take zuwar masa. A irin wannan iska ta gefe, laɓewa a bayan mutum kai tsaye ba ta da amfani. Sai a jeru a karkace, kowa ya koma baya kaɗan kuma ta ɓangaren da iska ba ta fitowa, kamar jerin tsuntsaye a sama.

A nan ne wata tsohuwar dabara take, wadda ake kira bordir. Faɗin hanya mutum kaɗan yake ɗauka a karkace. Waɗanda ba su samu wuri ba sai su jeru a bakin kwalta, iska na dukan kowannensu, har ɗaya ya saki tayar na gabansa, ayari ya rabu biyu. A gasa, ƙungiya mai ƙarfi da gangan take matsawa bakin hanya don ta hana abokan hamayya mafaka. A atisaye kuwa hanya ba a rufe take ba: akwai tankokin mai, motocin fasinja, ƴan kabu-kabu da amalanke. Ba a tsallaka tsakiyar kwalta. Mafita ita ce a kasu ƙananan jeri na mutum huɗu ko biyar, kowanne a hannunsa na dama. Mai sauka daga gaba kuma ta ɓangaren iska yake kaucewa, domin ya kare ƴan uwansa yayin da yake komawa baya.

Ɓallewa, kora da gudun ƙarshe

Atisayen gasa yakan kasu uku: ɗumama jiki a hankali na minti 20 zuwa 30, sashen da aka yarda a gwabza, da komawa gida tare. Kafin a tashi ake yanke inda gwabzawa za ta fara da inda za ta ƙare, galibi a allon shiga wani gari.

Mai son ɓallewa ba daga gaba yake tashi ba, don kowa na kallon sa. Daga na huɗu ko na biyar yake fitowa, ta gefe, da gudun da zai sa ya wuce kafin a farga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne a kan tudu, bayan kwana, ko daidai sa'ad da aka kamo wani da ya ɓalle, kowa na neman numfashi. Idan mutum uku ko huɗu suka ɓalle tare, dole su yi karɓa-karɓa ko da ba sa ga maciji da juna, in ba haka ba ayari ya haɗiye su.

Masu kora su ma suna da lissafi. Robert Chapatte, tsohon ɗan tseren Faransa da ya koma sharhi a talabijin, ya shahara da ƙa'idar cewa ayarin da ya sa himma yana cinye tazarar minti ɗaya a kowane kilomita 10. Ba doka ba ce, amma tana taimaka wa mai kora ya san lokacin da zai fara. Akwai kuma ƙa'idar da ba a karyawa: wanda ɗan ƙungiyarsa ke cikin waɗanda suka ɓalle ba ya taya kora.

In aka iso dab da allo a dunƙule, sai gudun ƙarshe. Abokai biyu ko uku su jeru gaban mai saurinsu, kowa ya ƙone ƙarfinsa ya kauce, su sake shi saura mita 200 ko ƙasa da haka. Wanda ya tashi da wuri yakan zama garkuwar wanda zai wuce shi. Kuma da zarar an fara, kowa ya riƙe layinsa. Karkatowa gaban wani laifi ne da ke sa alƙalai su mayar da mutum baya a gasa, a atisaye kuwa yana iya kai mutane asibiti.

Madugu da masu hidima

A manyan gasanni irin Tour de France, wadda aka fara a 1903, kowace ƙungiya na da ƴan tsere takwas, kuma akasarinsu ba nasara suka zo nema wa kansu ba. Suna tare iska, suna komawa mota ɗauko gorunan ruwa, wani lokaci su miƙa wa jagoransu tayarsu ko kekensu. Saboda haka al'ada ta tanadi cewa kuɗin kyauta a tukunya ɗaya ake zuba su, a raba da abokan tafiya da ma'aikata.

Akwai kuma madugun hanya, wanda sau da yawa ba shi ne mafi sauri ba, shi ne mafi daɗewa a kan sirdi. A atisaye shi ke zaɓar hanya, ya ƙidaya mutane a tashi da dawowa, ya ce a rage ko a ƙara, ya kuma tsawata wa mai ganganci.

Ladubban ayari

Na baya ba ya ganin hanya, idon na gaba yake aro. Don haka na gaba ne ke nuna rami da yatsa, ya yi kira in ya hango rairayi ya hau kwalta, ko garken awaki na shirin tsallakawa, kuma kowa ya miƙa saƙon baya. Ba a danna birki kwatsam. Ba a barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin in ya ɗan kauce, na baya ne zai sha ƙasa, tare da duk masu bin sa. Hular kwano wajibi ce.

In tayar wani ta yi faci, ko sarƙarsa ta tsinke, ana tsayawa, ko a bar masa mutum biyu da za su jawo shi. Kowa ya ɗauko tib na ajiya da famfo. Bayan gwabzawa, waɗanda suka riga isa allo su jira na ƙarshe. Ba a barin kowa shi kaɗai a daji, musamman yaro ko sabon shiga. Mai laɓewa tun safe ba ya karɓar aiki, sa'an nan ya fito ya lashe gudun ƙarshe, bai karya dokar tsere ba, amma gobe ba zai samu mai jiran sa ba. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ga masu keke kuwa maganar ba ta buƙatar fassara.

Ruwa, abinci da zafi

A Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40, don haka fita bayan sallar asuba da dawowa kafin rana ta take ya fi aminci. Ana kurɓar ruwa a kai a kai tun kafin ƙishi, kimanin rabin lita ko fiye a awa. Da hunturu gumi na bushewa nan take, mutum ya zaci bai rasa ruwa ba.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka yana iya ƙarewa bayan minti 90 zuwa awa biyu na aiki mai tsanani. In ya ƙare, ƙafa ta mutu, jiri ya zo. Dabino ko ayaba a aljihun riga na hana wannan, in an fara ci tun awar farko. Da azumi, tafiya gajera ce kuma marar gwabzawa ta dace. Wanda aka ga ya daina gumi ko magana ta rikice masa, a tsayar da shi a inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi likita.

Daga hanyar gari zuwa manyan gasanni

Maƙwabciyar Nijar, Burkina Faso, ta nuna inda wannan horo ke kaiwa. Tour du Faso, da aka fara a 1987, ana yin ta ne wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a ƙasa mai shimfiɗa da zafi irin ta Damagaram, inda iska da haɗin kai ke raba gardama fiye da tudu. Ƴan ƙasar sun sha doke baƙi daga Turai da arewacin Afirka: Jérémie Ouédraogo a 2005, Rasmané Ouédraogo a 2012, Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont a 2023.

A matakin duniya, Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe Gent-Wevelgem ta Beljiyam a 2022, ya kuma ci zango uku tare da koriyar riga a Tour de France ta 2024, bayan abokansa sun sha masa iska ta ɗaruruwan kilomita. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren kan hanya, karo na farko a Afirka.

Keken tsere da kayan gyaransa na da tsada ga matashin Zango ko Birni, kuma wannan shi ne babban cikas. Amma karɓa-karɓa, karatun iska da nuna rami ba a sayen su a kasuwar Dole. Mutum biyar da kekuna masu birki na ƙwarai, da hular kwano, da kilomita 18 na hanyar Mirriya sun isa a fara koyo.