Tarihin Nazarin Karin Sauti a Hausa

Idan aka waiwayi tarihin nazarin Hausa, za a tarar cewa manazartan farko ba su kula da karin sauti ba. Schön, wanda ya wallafa littafin nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, bai nuna shi a rubuce ba. Wannan babban giɓi ne ga mai fassara, domin kalmar "kuka" tana nufin zubar da hawaye ko sunan itaciya, kuma karin sauti kaɗai ke bambanta su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya cike giɓin, inda ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Abraham ya bi sahu a 1949. Sai dai har yau rubutun yau da kullum ba ya nuna su, don haka mai fassara kan dogara da muhallin kalma a jimla.