Asuwaki, Goro da Sukari: Tarihin Kula da Haƙora a Ƙasar Gwandu

Tsabtar baki a ƙasar Gwandu ta daɗe tana tafiya tare da alwala. Tun da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya danƙa wa ƙaninsa Abdullahi yammacin daula a 1812, Gwandu ta zama matattarar malamai da almajirai, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Ahalari, sun lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala. Mai tsare salloli biyar yakan goge haƙoransa sau da yawa a yini, ba tare da ya ɗauki abin a matsayin kiwon lafiya ba. Daga marke ko ƙirya ake yanko asuwaki. Dogon yaro, wanda ya fi su yawa a yau, baƙo ne daga Indiya, zamanin Turawa aka shigo da shi. Wasu kuma sukan dirje haƙora da garin gawayi da gishiri.

Goro shi ne abu na biyu da ya zauna a bakin dattawa. Fatake ne ke ɗauko shi daga Gwanja, kasuwar Jega kuwa tana cikin manyan zangonsu. Yana rina haƙora, mata ma suna ƙarawa da furen taba don kwalliya, har jan baki ya zama ado. Idan haƙori ya yi ciwo, a kan ce tsutsa ce, a cusa kanumfari a kogon. In ya faskara sai wanzami ya cire shi.

Abin da ya sauya lissafin shi ne sukari. Da can zaƙi daga zuma, rake da mazarƙwaila yake fitowa, kuma ba kullum ba. Farin sukari ya bazu da kantunan kamfanonin Turawa, ya shiga koko, fura da shayi. Motsa jiki ya ragu a garuruwa, tsawon rai ya ƙaru, sai ciwon sukari ya yawaita cikin dattawa.

Wannan cuta tana taɓa baki ta hanyoyin da asuwaki kaɗai ba ya iya tarewa. Yawu yakan ragu, baki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Dasashi ya kumbura yana jini, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori ya fara girgiɗi ko da babu kogo a jikinsa. A 1993 masani Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida cikin matsalolin da ciwon sukari ke haifarwa. Shi ma kumburin dasashin yana hana sukarin jini daidaita. Rauni kuma ba ya saurin warkewa, shi ya sa cire haƙori a hannun wanzami ya fi haɗari ga mai wannan ciwo.

Mafi muni shi ne abin da giɓi ke yi wa cimar tsoho. Wanda turamensa suka zube ba ya iya taunar nama, gyaɗa ko ɗanyen ganye, sai ya koma kan kunu, koko da burodi da shayi, waɗanda su ne ke ɗaga sukarin jini. Iyali kuwa sukan ɗauki zubewar haƙora a matsayin tsufa kawai, ba wanda ke tunanin a gwada jini.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, inda Gwandu take, a 1991 asibitoci sun ƙaru, har da babban asibitin jiha da ke Kalgo, ban da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da na gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi. Sai dai likitocin haƙori a birni suka taru, kuma dattijon ƙauye ba ya zuwa wurinsu sai ciwo ya hana shi barci, lokacin da galibi cirewa kaɗai ta rage.